Kura da Shan Bugu: Wahala da Cigaban Masana'antun Kano a Madubin Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Duk wanda ya tsaya a Na'ibawa da sassafe, a bakin hanyar Zariya, zai ga manyan motoci suna sauke lemo da ayaba a 'Yan Lemo, wasu suna sauke katako a 'Yan Katako, ga kuma ma'aikata suna neman abin hawa zuwa Sharaɗa da Calawa. In ya miƙe kudu kaɗan zai iske Tamburawa, inda ruwan da ya biyo ta bayan masana'antun nan yake wucewa. Shekara da shekaru ke nan mutanen da ke zaune a bakin wannan ruwa suna kuka da wari da ƙaiƙayi da mutuwar kifi, kuma shekara da shekaru ke nan ana ba su amsa iri ɗaya, watau haka kowace ƙasa ta yi kafin ta ci gaba, Ingila ma sai da ta sha hayaƙi, kuma sai an sha wuya akan sha daɗi.

Wannan amsa ta wuce lallashi. Da'awa ce a kan tarihi, domin tana nufin cewa cuta da wahala su ne kuɗin da tilas a biya kafin a sami cigaba, kuma in aka kawar da su, cigaban ma zai bi su. Matsalar masanin tarihi ita ce ba shi da ikon mayar da zamani baya ya sake gina Kano ba tare da bauta ko aikin tilas ko gurɓataccen ruwa ba, don ya ga abin da zai fito. Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya kuwa wannan ne ainihin sana'arsu. Sukan ƙagi wata duniya, su zare mata abu guda, sa'an nan su bi sawun abin da zai biyo baya. Saboda haka wannan maƙala za ta ari ma'auninsu ta auna tarihin sana'a da masana'antun Kano da shi. Batun ƙaddara da jarrabawar Ubangiji fage ne na malaman tauhidi, ba a nan za a taɓa shi ba. Abin dubawa shi ne wahalar da ɗan Adam ke ɗora wa ɗan'uwansa da sunan gina ƙasa.

Zato biyu da ake cakuɗawa

Irin wannan adabi ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. Cikin 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wata halitta ta sararin sama mai suna Kolin Koliyo. Al'ajabin tafiya ne ya fi jan hankali a wannan littafi. Tambayar wane ne ke biyan kuɗin cigaba kuwa, ta fi fitowa fili a littattafan ƙasashen da suka riga kowa shaƙar hayaƙin injin.

Na farkon da ya cancanci a daɗe a kansa shi ne The Time Machine na H. G. Wells, wanda ya fito cikin 1895. Wani masani ya ƙera na'urar ratsa zamani, ya sauka a shekara ta 802,701, ya tarar da wasu 'yan mutane kyawawa, marasa ƙarfi, marasa zurfin tunani, ana kiransu Eloi. Ba sa noma, ba sa saƙa, ba sa yaƙi, 'ya'yan itace kawai suke ci suna wasa. Nan take ya yanke hukunci cewa jin daɗi ne ya mayar da su haka: da bil Adama suka ci nasarar yunwa da cuta da tsoro, sai hankali da ƙarfi suka rasa abin yi, suka shanye. To wannan shi ne zaton da ake yawan tsinta daga littafin a kafa hujja da shi. Amma Wells bai bar matafiyin nasa a nan ba. Bayan 'yan kwanaki sai ya gano cewa akwai wasu halittu a ƙarƙashin ƙasa, Morlock, jikokin ma'aikatan da aka tura cikin duhu tun zamanin da, su ne ke kula da injuna, su ne ke tanadar wa na sama tufafi, kuma da dare su fito su kama su su ci. Matafiyin da kansa ya yarda cewa fassararsa ta farko ba ta cika ba. Wahala ba ta ƙare a wannan duniya ba, raba ta aka yi, aka danna wa wani ɓangare duka, har ɓangarorin biyu suka lalace. Wells ya san abin da yake faɗa, domin mahaifiyarsa mai kula da hidimar wani babban gidan masu hali ce, inda barori ke bin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ya yi yaron kantin yadi yana ƙarami.

Wanda ya tsaya kan zaton farko da gaske shi ne Isaac Asimov, a cikin The End of Eternity na 1955. A nan wata ƙungiya ce da ke zaune a wajen zamani, tana yi wa tarihi kwaskwarima don ta rage wa mutane azaba. Duk wani abu mai haɗari sai ta goge shi tun bai auku ba. Sakamakon haka bil Adama suka zauna lafiya, amma ba su fita zuwa taurari da wuri ba, sa'ad da suka yunƙura kuwa wasu halittu sun riga sun mamaye ko'ina, sai suka karaya suka ƙare. Jaruman littafin suka rushe ƙungiyar, suka buɗe hanyar tarihin da zai kai ga fashewar bam ɗin atom cikin 1945. Marubucin ya karɓi wannan a matsayin farashi. Abin lura shi ne ya rubuta haka yana zaune a Amurka, ba a Hiroshima ba. Aldous Huxley ma, a Brave New World na 1932, ya nuna al'ummar da ta sayi kwanciyar hankali da ƙwaya, ta sadaukar da adabi da binciken gaskiya.

A ɗaya gefen akwai Karel Čapek, mutumin ƙasar Cek, wanda wasan kwaikwayonsa R.U.R. na 1920 ya ba duniya kalmar robot, watau mutum-mutumin da ke aiki. Asalin kalmar a harshensu shi ne robota, aikin tilas da talaka ke yi a gonar ubangidansa. Da Bahaushe ne ya ƙagi labarin, wataƙila da daga kalmar gandu ko diba zai ciro sunan. Sai kuma gajeren labarin Ursula Le Guin na 1973 game da birnin Omelas, birnin da ya cika da ilmi da wadata da annashuwa, amma bisa sharaɗi guda: a bar wani yaro a kulle cikin wani ɗan ƙuntataccen ɗaki mai duhu, cikin ƙazanta da yunwa, kada a yi masa ko kalma ɗaya mai daɗi. Kowa a birnin ya san da yaron. Marubuciyar ba ta taɓa bayyana yadda azabar yaron ke haifar da wadatar birnin ba. An dai gaya wa mutane haka ne, suka gaskata, suka koya wa 'ya'yansu.

In aka jera waɗannan littattafai za a ga cewa maganganu biyu ne daban ake haɗawa a baki ɗaya. Ta farko ita ce ɗan Adam ba ya ƙirƙira sai ya gamu da abin da ya gagare shi, kuma ba ya samu sai ya yi gumi. Ta biyu ita ce dole wani ya cutu don wani ya ci gaba. Harshen Hausa ya raba su tun tuni. Wuya da wahala abin da mutum ke sha ne a kan hanyar buƙatarsa, shi ya sa ake cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wanda ya yi gudun shi ne ya ci zomon. Cuta da zalunci kuwa sai da mai yi da wanda aka yi wa, kuma su ma an yi musu karin magana: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ibn Khaldun ya riga marubutan nan duka zuwa wannan rarrabewa. A Muƙaddimarsa ta 1377 ya nuna yadda tsananin rayuwar ƙauye ke haifar da ƙarfin zuciya da haɗin kai, jin daɗin birni kuma ya narkar da su cikin 'yan zuriyoyi kaɗan. Amma a cikin littafin nan dai ya ware babi ya nuna cewa zalunci ke rushe raya ƙasa, ya kuma lissafa sa talakawa aikin tilas cikin mafi munin nau'o'insa. Masu kafa hujja da rabin farko na maganarsa ba su cika kaiwa ga rabi na biyu ba.

Kano kafin injin

Sa'ad da Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano cikin Fabrairu 1851, ya tarar da birnin da ke tufatar da yanki mai faɗi na Afirka, daga Tambutu zuwa Barno har Tarabulus. Ya ƙiyasta cinikin tufafin Kano a kan wuri miliyan 300 a shekara. Abin da ya fi burge shi shi ne tsarin aikin. Ya lura cewa saƙa da rini a nan cikin gidaje da garuruwa ake yinsu, mutum na sana'arsa yana tare da iyalinsa, saɓanin manyan masana'antun Turai na zamaninsa da ke ƙasƙantar da ma'aikaci. Har ya ga ya kamata a lissafa ƙasar Kano cikin mafi jin daɗin ƙasashen duniya. Ga shaida ke nan daga bakin Bature cewa ana iya kafa sana'a mai kai kaya ƙetaren hamada ba tare da irin azabar Mancesta ba. Marinar Ƙofar Mata, da turkuɗin Kura, da jar fatar akuya da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko saboda ta can take biyowa ta isa gare su, duk 'ya'yan wannan tsari ne.

Sai dai Barth ɗin nan ne kuma ya ƙiyasta cewa bayi kusan 5,000 ake fitarwa ta Kano kowace shekara. Hatsin da masaƙa ke ci, da wani kaso na auduga da baban rini, daga gandaye da rumada suke fitowa, inda bayi ke noma. Gandun Nasarawa da na Ɗorayi na sarki ne, Fanisau kuma cike take da irin waɗannan gonaki, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011. Har yau sunayen unguwannin da ke kewaye da Sharaɗa, irin su Gandun Albasa da Sabuwar Gandu, suna ɗauke da kalmar. Watau ɗakin yaron Omelas ya riga injin zuwa Kano, kuma mai karatun Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san abin da ke cikinsa.

Tambayar ita ce ko arzikin Kano ba zai tsaya ba sai da wannan ɗaki. A nan tarihi ya yi abin da ba ya yawan yi, ya gudanar da gwajin da kansa. Bauta ta yi ta ja da baya bayan zuwan Turawa cikin 1903, a hankali ƙwarai, har aka soke ta a dokance a Arewa cikin 1936. Noman sayarwa bai mutu da mutuwarta ba. Ƙaruwa ya yi ninki ba ninki, har ya kai ƙololuwa a shekarun 1960, lokacin da Nijeriya ke sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Dogo da gyaɗa

Labarin gyaɗa ya fi kowane dacewa da wannan bincike, domin a cikinsa tilas da zaɓi suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ana iya ganin abin da kowannensu ya haifar. An fara shirin hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano cikin 1907, zamanin Gwamna Girouard, dogo ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912. Tsawonsa ya haura mil 350. Yawancin waɗanda suka haƙa ƙasa suka ɗauki dutse ba da son ransu suka zo ba. Gwamnati ce ke yanka wa sarakuna adadi, sarakuna su yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai, a ɗebo talakawa daga gonakinsu. Ana biyansu 'yan kuɗi, kuɗin kuma su koma wajen biyan haraji. Michael Mason ya yi nazarin wannan aikin tilas, da yadda mutane suka riƙa gudu daga gare shi.

Abin da Turawa suka sa a gaba da wannan dogo shi ne auduga, don masaƙun Lankasha. Ƙungiyar noman auduga ta Biritaniya, wadda aka kafa cikin 1902, ta zuba ido ga ƙasar Kano. Amma masaƙan gida sun fi ta sayen auduga da daraja, manomi kuwa ya iya lissafi. Fatake irin su Alhassan Ɗantata da sauran Agalawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka ƙware a fataucin goro, suka karɓi jarin kamfanonin Turawa, suka baza yaransu ƙauyuka suna ba da gishiri da yadi da kuɗi a kan gyaɗa. Manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, tana gyara ƙasa, in ciniki ya ƙi kuma ana iya cinta. Jan Hogendorn ya nuna cewa gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba cikin 1912, amma cikin 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta zuba buhuna. Ba wani razdan da ya ba da wannan umurni. Mahukunta ma mamaki abin ya ba su.

Mai jayayya zai ce ai ba dogo ba gyaɗa, kuma ba tilas ba dogo. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa yana buƙatar gyara. Tilas ba ta ƙara wa ƙarfen dogo ƙwari ba, ba ta kuma koya wa kowa awon ƙasa ba. Abin da ta yi shi ne ta rage wa baitulmalin mulkin mallaka kuɗin da zai kashe, ta mayar da ragowar kan manomin da aka raba da gonarsa. 'Yan cin rani da suka riƙa taka ɗaruruwan mil da ƙafarsu don neman aikin lada sun isa shaida cewa Bahaushe ba ya buƙatar bulala in lada ta kai. Irin wannan araha aka sake nema a ma'adinan kuza na Jos tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta kame Malaya, aka ɗebi dubun dubatar talakawan Arewa aka kai su cikin sanyin tsauni, da yawa suka mutu, kuzar da aka samu kuma ba ta kai abin da aka yi buri ba.

Akwai kuma wahalar da ba ta haifi kome ba sai kaburbura. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta faɗo a daidai lokacin da gyaɗa ke tashe. Michael Watts, a littafinsa na 1983, ya nuna yadda karɓar haraji da tsabar kuɗi ba sassauci ya ƙara wa fari kaifi. Da tsanani shi kaɗai ke haifar da ƙirƙira, da ƙauyukan da suka fi shan wannan yunwa su ne suka fi kowa cigaba.

Bompai, Sharaɗa da Calawa

Masana'antun zamani sun fara taruwa a Bompai a ƙarshen mulkin Turawa, musamman a shekarun 1950: matsar man gyaɗa, jima, sabulu, alewa, kwanon ruwa da saƙa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, kuɗin man fetur suka shigo, aka yi dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa cikin 1972 da 1977, sai aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, daga baya kuma Calawa wajen Fanshekara. Kano ta zama ta biyu ga Ikko a yawan masana'antu. Unguwannin kudancin birni, har da Na'ibawa, suka cika da baƙi da 'yan ƙauyen da farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka koro.

Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawansu tsofaffin almajirai ne da 'ya'yan manoma. Waɗannan mutane ba sa tsoron wahala, sun saba da ita tun daga tsangaya. Kukansu a kan wulaƙancin masu duba aiki ne, da korar ba gaira ba dalili, da ƙuntata lokacin salla, da hana su haƙƙinsu. Da aka yi jinkirin biyansu ƙarin albashin Adebo cikin 1971, sai suka bi masana'anta masana'anta suna fito da 'yan'uwansu yajin aiki. Leburan Bompai bai karanta Wells ba, amma ya san bambancin gumin da ya sayar da cutar da aka yi masa.

Batun ruwa ya fi wannan tsanani, domin waɗanda ya shafa ba su ma cikin littafin albashi. Majemin gargajiya da toka da bagaruwa yake aiki, ya shafe fata da mai, ya rina ta da karan dafi. Sana'ar tana da wari, shi ya sa aka san unguwar majema da hanci tun kafin a gan ta, amma abin da take zubarwa ƙasa na iya cinye shi. Jimar zamani kuwa, wadda aka ƙago a Turai da Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, da gishirin kuromiyam ake yinta, tare da farar ƙasa da sinadaran tuge gashi. Tana gama cikin kwana ɗaya ko biyu abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki masu yawa, amma fata ba ta shanye sinadarin duka, ragowar sai ta bi ruwa. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya taru a madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na Calawa su shiga kogin Calawa, wanda a gangarensa Tamburawa take da matatar ruwan shanta. A bakin waɗannan rafuka ne 'yan lambu ke noman latas da alayyafo da kabeji da karas da ake kaiwa kasuwannin birni. Binciken Binns da Maconachie da Tanko na 2003, da nazarce-nazarce masu yawa na malaman Jami'ar Bayero, sun tabbatar da gurɓatar ruwan da ƙasar da ake ban ruwa da shi.

To a nan ne ake kawo misalin Ingila, kuma misalin ya cancanci a bi shi har ƙarshe, domin ba inda masu kawo shi ke so yake tsayawa ba. Masana'antun soda na Ingila, masu samar da sinadarin yin sabulu da gilashi, sun yi shekaru suna sakin hayaƙin asid da ke ƙone amfanin gona da itatuwa, masu su kuma suna rantsuwa cewa in aka hana su sana'ar za ta mutu. Cikin 1863 majalisa ta yi dokar da ta tilasta musu kame kashi 95 cikin 100 na hayaƙin, ta naɗa masu duba su. Sana'ar ba ta mutu ba. Asid ɗin da aka kame ya taru ya rasa wurin zuwa, sai masana suka gyara hanyoyin mayar da shi hodar da ke sa yadi fari, abin da ake zubarwa a iska ya koma haja. Haka kuma warin kogin Landan na 1858 bai gina kome da kansa ba, mutane sun daɗe suna mutuwa da kwalara a bakinsa. Abin da ya sauya shi ne warin ya shiga zauren majalisa, ya dami masu yanke hukunci, sai ga kuɗin gina manyan magudanai sun fito. In akwai abin da ya tura ƙirƙira gaba a waɗannan misalai, ƙin yarda da cutar ne da kuma dokar da ta biyo baya. Asimov ya yi gaskiya cewa mutum na buƙatar abin da zai gagare shi, amma hana masana'anta zubar da guba shi ma abin gagara ne, kuma irinsa ne ke sa injiniya zama ya yi tunani.

Kuromiyam ma haka yake. An daɗe da sanin yadda ake kwantar da shi daga ruwan jima a sake amfani da shi, kuma sinadari ne da ake saye da kuɗin waje. Doka ma ba a rasa ba. Bayan abin kunyar Koko na 1988, sa'ad da aka jibge sharar guba daga Italiya a wani ƙaramin gari na tsohuwar Jihar Bendel, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a ƙarshen wannan shekara, aka fitar da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu cikin 1991, aka kuma kafa hukumar NESREA cikin 2007 don tilasta bin su. Abin da ya bambanta Getsi da kogin Landan shi ne warin Getsi ba ya isa inda ake yanke hukunci.

Alkawarin da ke cikin karin maganar bayan wuya sai daɗi yana da lokaci a cikinsa: a jure yau, a huta gobe. Mutanen bakin Calawa da Jakara sun jure, amma goben ba ta zo yadda aka faɗa ba. Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran injin da sinadarai suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an sa janareta, yadin Asiya mai araha kuma ya cika Kantin Kwari ta hanyar halal da ta fasa-ƙwauri. Masaƙu da masana'antu masu yawa a Bompai da Sharaɗa da Calawa suka rufe, wasu gine-ginen suka koma ɗakunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Ba tausayin kogi ne ya rufe su ba, kuma duk gubar da aka ƙyale su suka zuba ba ta cece su ba ko da shekara guda. Aikin ya tafi, kuromiyam kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, yana nan kwance cikin laka.

Jima tana cikin sana'o'in da suka rage da rai. Har yanzu fatun awaki da tumaki na shigowa Kano daga ko'ina cikin Arewa da Nijar da Cadi, a jiƙa su, a tuge, a jeme a Calawa da Sharaɗa da Bompai. Wannan shi ne matakin da ya fi kowane cin ruwa da fitar da dagwalo a dukan sarrafa fata. Daga nan sai a ɗaure mafi kyawunta a tura Italiya da Sifen, inda ake yanka ta a ɗinka jaka da takalmi, a buga musu tambarin can, kamar dai yadda kakannin waɗannan awaki suka shiga kasuwannin Turai da sunan Maroko.